Zaɓen motar RV mai jan kwalekwale a Amurka, da tsarin agajin da zai dawo da su gida

A Amurka, mai son kamun kifi ko yawon tafki yakan haɗa abu biyu: motar da ake kwana a cikinta, wadda suke kira RV, da kwalekwale mai inji da take ja a kan tirela. Galibin masu saye daga motar suke farawa. Su duba gado, su duba kicin da banɗaki, sai an gama ciniki sannan su tambaya ko za ta iya jan kwalekwalen. Ta nan asara ke shigowa. Kwalekwalen ne ya kamata ya zaɓi motar, kuma shi ne abin da ake fara nema a cikin kowace takardar agajin gaggawa kafin a sa hannu, domin shi aka fi mantawa da shi a rubuce.

Fara da sikeli

Nauyin da kamfani ke bugawa a takardar kwalekwale nauyinsa ne babu komai a ciki, wani lokaci ma babu inji. A ce takarda ta ce laba 3,200. Ƙara inji laba 500, tirela mai aksil biyu laba 1,100, fetur galan 50 wanda kowane galan ya kai kusan laba 6, wato 300, batir biyu 120, sai anga da igiyoyi da akwatin ƙanƙara da kayan su, a ce 300. Lissafi ya haura laba 5,500, kusan kilo 2,500. Motar da ƙugiyarta ta tsaya a laba 5,000 ta fita daga lissafi ke nan, ko da dillali ya rantse cewa tana ja.

Kada ka tsaya a ƙiyasi. Cika tankin kwalekwalen, loda shi yadda zai yi tafiya, ka kai shi sikelin manyan motoci. Akwai na CAT Scale a yawancin tashoshin da direbobin manyan motocin kaya ke tsayawa, kuma kuɗin awo kaɗan ne. Sikelin faranti uku ne: ƙafafun gaba a na farko, na baya a na biyu, tirela a na uku. Auna sau ɗaya tirela na maƙale, ka kwance ta ka sake auna motar ita kaɗai. Bambancin da ka gani a jimillar faranti biyu na motar shi ne nauyin da bakin tirela ke ɗorawa a kan ƙugiya. Ga tirelar kwalekwale ana son ya faɗa tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na duka nauyin. In ya yi ƙasa da haka, tirela za ta riƙa wutsil-wutsil a bayanka da zarar babbar mota ta wuce ka, saboda inji ya rinjayar da nauyi baya. Gyaransa shi ne a matsar da sandar da hancin kwalekwalen ke jingina a kai zuwa gaba, inci biyu ko uku, a sake awo.

Lambobin da ke jikin motar

Kusa da kujerar direba akwai takardar da ke nuna iyakar nauyin motar. GVWR shi ne iyakar nauyinta da duk abin da ke cikinta. GAWR iyakar kowane aksil ne. GCWR, wanda sau da yawa sai a littafin shasi ake samunsa, iyakar nauyin mota da tirela ne a haɗe. Ita ma ƙugiya tana da tata takardar. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikin waɗannan iyakoki ita ke da hukunci.

Ɗauki ƙananan motocin da aka gina a kan shasin Mercedes Sprinter 3500. Ƙugiyarsu kan ce laba 5,000. Amma a yawancinsu GVWR 11,030 ne, GCWR kuwa 15,250. In motar ta cika, abin da ya rage na ja laba 4,220 ne, kuma irin waɗannan motoci da wuya ba su cika ba, don da ma sararin lodinsu kaɗan ne. Shasin Ford E-450 ya fi sauƙi: GVWR 14,500, GCWR 22,000, saura 7,500. Duk da haka a duba ko kamfanin da ya gina ɗakin ya tsawaita shasin ta baya, domin ƙarfen da aka ƙara ba lallai ya kai na asali ƙarfi ba, shi ya sa za ka ga mota mai shasi ɗaya amma ƙugiyar wata 5,000 ce, ta wata 7,500.

Ruwan sha ma nauyi ne. Galan ɗaya laba 8.3 ne, tanki mai galan 50 ya haura laba 400. Duk abin da ka zuba a motar daga kason kwalekwale yake fita.

Akwai kuma abin da takarda ba ta faɗa. Motar RV tana da doguwar wutsiya a bayan ƙafafunta na baya, kuma ƙugiya a ƙarshen wutsiyar take. A ce tsakanin aksil na gaba da na baya inci 220 ne, ƙugiya kuma tana inci 130 bayan aksil na baya. Bakin tirela mai laba 450 zai ɗora kusan laba 716 a kan aksil na baya, ya ɗage kusan 266 daga na gaba. Sakamakon shi ne sitiyari ya yi sako-sako, tayoyin baya su ɗauki fiye da ƙarfinsu su yi zafi. Saboda haka in motoci biyu sun yi maka, ɗauki mai gajeriyar wutsiya.

Wace iri ce ta dace

Ana kasa motocin RV rukuni uku, A da B da C. Rukunin B, wato ƙaramar bas da aka mayar ɗaki, ita ta fi daɗin sauke kwalekwale a ruwa, amma ƙaramin kwalekwale na alminiyam ko na kamun kifi kawai za ta ja. Rukunin C, wato ɗakin da aka gina a bayan wurin direba, mai tsawon ƙafa 24 zuwa 27 a kan E-450 shi ne madaidaici ga mafi yawan iyalai: wurin kwana ya wadata, ƙarfin ja ya isa, tsawon bai hana juyawa ba. Rukunin A, mai kama da babbar bas, wanda ke shan fetur, galibi a kan shasin Ford F-53, yana da girma a ido amma ƙugiyarsa sau da yawa 5,000 ce. Masu injin dizal a baya sukan ja laba 10,000 ko fiye, kuma suna da birkin inji mai taimakawa a gangaren dutse, sai dai mota mai ƙafa 40 ba ta gangaren tafki ba ce. A wasu jihohi, irin su Tekzas, motar da GVWR ɗinta ya haura laba 26,000 tana buƙatar lasisi na daban.

Wanda kwalekwale ne babban burinsa, ɗaki kuwa wurin kwana kawai, ya duba akori-kura mai jan ƙafa huɗu da ake ɗora wa ɗaki a baya. Ana iya sauke ɗakin a sansani a tsayar da shi a kan ƙafafunsa, motar ta tafi tafki ita da kwalekwale. Matsalarta biyu. Ɗakin yana cinye kusan duk ƙarfin lodin motar, don haka sau da yawa sai mai tan ɗaya, wata sa'a mai tayoyi huɗu a baya. Sannan in ɗakin ya zarce bayan motar, sai an tsawaita ƙugiya, kuma sandar ƙari ta kasuwa tana rage ƙarfin ƙugiya ƙwarai. A nemi wadda aka ƙera don wannan aiki, irin ta kamfanin Torklift, a karanta iyakar da aka rubuta wa tsawon da za a sa.

Wasu kan ja biyu: akori-kura, babbar tirelar kwana, sai kwalekwale a bayanta. Jihohi da yawa na tsakiya da yamma sun yarda, da yawa na gaɓar gabas sun hana, kowace kuma da iyakar tsawonta. Mishigan ma sai an ƙara maka izini na musamman a lasisi. Dokar jihar da kake ciki ce ke aiki, ba ta inda ka yi rajista ba. Kuma da jan biyu babu komawa da baya, ko a gidan mai. Faɗi ma yana da iyaka: ƙafa 8 da rabi. Kwalekwalen da ya haura haka sai da izinin kaya mai faɗi a yawancin jihohi.

A bakin gangare

Nan ne ake gane zaɓi ya yi ko bai yi ba. Motar ta fi kwalekwalen faɗi, don haka in suna miƙe ba ka ganinsa a madubi; sai ya karkace sannan ya bayyana, lokacin kuwa ya makara. Kyamarar baya da dogayen sanduna biyu a gefen tirela suna rage wannan. Wasu kan sa ƙugiya ta biyu a gaban mota, su kwance tirela a filin ajiye motoci su maƙala ta gaba, su tura kwalekwalen suna kallonsa. Dabara ce mai kyau, kuma tana barin tayoyin da ke ja a busasshen wuri.

Kafin ka sauka, taka gangaren da ƙafa. Duba inda siminti ya ƙare a ƙarƙashin ruwa, musamman a ƙarshen bazara da tafkunan madatsa ke ja baya, don tayar tirela in ta faɗa bayan simintin ba ta fitowa da sauƙi. Duba gansakuka. Mota mai laba 14,000 da ke ja da ƙafafun baya kawai, in ta hau gansakuka, santsi zai ja ta ruwa. Duba kuma kan gangaren inda ƙasa ke karyewa, nan ne wutsiya ke gogar ƙasa. Salansa, janareto da akwatunan kaya na ƙasa kada ruwa ya taɓa su, balle ruwan gishiri. In za ka fita daga mota a kan gangare, ja birkin hannu ka sa waigi a taya.

Sannan ga wahalar da ba a tunawa ranar saye: duk fitar da za ka yi sai ka cire wayar lantarki da tiyon ruwa da na bahaya, ka janye ɗakunan da ke buɗewa gefe, ka ɗage jak. Mafita ita ce a sauke kwalekwale sau ɗaya ranar isowa, a kama masa wurin ɗauri a bakin ruwa har ranar tafiya. Sansanonin da hukumar injiniyoyin sojan Amurka ke gudanarwa a bakin tafkunan madatsa suna da kyau ga wannan, ana kama wuri ta shafin intanet na Recreation.gov.

Tirelar kanta

Abin da ya fi tsayar da masu kwalekwale a hanya boris ne da taya. Boris kan yi zafi a doguwar tafiya. In aka tsoma shi a ruwan sanyi nan take, iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa, giris ya lalace, tsatsa ta kama. Bar shi ya huce minti 15 zuwa 20 yayin da kake shirya igiyoyi. A kowace tsayawa kai hannu kusa da cibiyar kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi ita ce mai shirin ba da matsala. A cikin babbar mota ba za ka ji ƙarar ba sai hayaƙi ya tashi, shi ya sa na'urar auna iska da zafin taya da ke nunawa a gaban direba ta cancanci kuɗinta. Riƙe cibiya guda cikakkiya da aka riga aka cusa wa giris, da jak ɗin da ya dace da tirelar, don na mota ba lallai ya shiga ƙarƙashinta ba. Tayar tirela tsufa ke kashe ta kafin ta suɗe. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ta kai shekara biyar ko shida, a canza.

Jihohi da yawa suna wajabta birki ga tirelar da ta kai laba 3,000. Yawancin tirelolin kwalekwale birkinsu na turi ne: in mota ta rage gudu, tirela ta turo gaba, birki ya kama. Komawa da baya a hawa ma turi ne, don haka sai an kashe shi. Fulogi mai baki biyar ke yin wannan ta wayar fitilar ribas, sai ka tabbata mahaɗin da ka sa tsakaninsa da soket mai baki bakwai na motar yana ɗauke da wannan waya. A doguwar gangara kuma, in kana riƙe mota da giya ko birkin inji, birkin tirelar na iya kamawa tun daga sama har ƙasa ya ƙone. Mai yawan bin duwatsun yamma gara ya mayar da shi wanda lantarki ke sarrafawa daga mota.

Jihohin yamma irin su Aidaho da Montana da Wayomin suna da shingayen duba kwalekwale a hanya saboda ƙananan halittun nan masu ɓawo, zebra da kwaga, da ke toshe bututun ruwa. Tsayawa dole ne. Wanke, tsiyaye ruwa, cire toshiyar ƙasa, bar shi ya bushe.

Agaji iri uku ne, ba ɗaya ba

Na farko na hanya ne: janwe, canjin taya, kawo mai. Coach-Net da Good Sam da tsarin RV na AAA suna wannan. Tambayar da za ka yi ita ce: in motar ta mutu, wa zai ɗauki kwalekwalen? Babbar janwe takan ɗauki motar ta bar tirela a gefen titi. In kuwa tirelar ce ta karye, akwai buƙatar mota mai shimfiɗaɗɗen baya da za ta ɗauke ta da kwalekwalen a kai. BoatUS na da ƙarin tsari na tirela mai jan mil 100, Sea Tow ma na da nasa. Tambaye su ko motar ja mai girman taka tana ciki.

Na biyu na kan ruwa ne, TowBoatUS ko Sea Tow. Dakarun tsaron gaɓar teku suna ceton rai kyauta, ana kiransu a tashar 16 ta rediyon VHF, amma ba aikinsu ba ne jan wanda mai ya ƙare masa ranar da ruwa ke kwance. Duba taswirar kamfanin, don ba kowane tafki suke da jirgi ba. Kuma ka san bambancin ja da ceton dukiya. Inji ya mutu aka jawo ka, wannan ja ne, katinka ya biya. Kwalekwale ya hau dutse ko yana nitsewa, wannan ceton dukiya ne, ana iya cajin wani kaso na darajar kwalekwalen, kuma inshorar kwalekwale ce ke ɗaukarsa. Tambayi matuƙin wanne ne kafin ya jefo igiya.

Na uku shi ne agajin gaggawa na tafiya, wanda ke aiki in mutum ne ya faɗi, ba inji ba. Ba ya biyan kuɗin magani, wannan na inshorar lafiya ne. Aikinsa ɗaukar mara lafiya zuwa asibitin da ya dace ko zuwa gida, kawo ɗan'uwa ya yi jinya, mayar da yara da dabbobi, da aiko direba ya mayar da mota. Binciken ofishin bin diddigin kuɗin gwamnatin Amurka ya nuna matsakaicin cajin jirgin asibiti mai saukar ungulu a 2017 ya kai kusan dala 36,400. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022 ta hana kamfanonin jiragen asibiti cajin mai inshora ragowar kuɗi don ba sa cikin tsarinsa, amma ba ta haɗa da motar asibiti ta ƙasa ba, kuma inshorar lafiya asibiti mafi kusa take kai mutum, ba ta mayar da shi garinsu.

Tsare-tsaren sun bambanta sosai. AirMedCare Network yana aiki ne kawai in jirginsu ne ya ɗauke ka. Medjet na ɗaukar wanda aka kwantar a asibiti mil 150 ko fiye daga gida zuwa asibitin da ya zaɓa, kuma daga shekara 75 tsari na daban ake shiga. Good Sam TravelAssist da SkyMed da MASA da Emergency Assistance Plus su ne aka fi ji a bakin masu RV. Sharuɗɗa suna canzawa, don haka cikakkiyar takardar yarjejeniya za a karanta, ba tallar ba.

Ga inda ya kamata ido ya tsaya. Kusan dukkansu sai ka kira su tukuna su shirya da kansu. In iyali suka yi hayar direba ko jirgi, ba a mayar musu da kuɗi. Kira lambar gaggawa 911 da farko, na biyu su. Duba ko an rubuta "asibiti mafi kusa da ya dace" ko "asibitin da ka zaɓa", don tsakaninsu akwai tazarar mil dubu. Duba nisan da sai ka yi daga gida kafin tsarin ya fara aiki; tafkin da kake zuwa kowane mako na iya zama a cikin da'irar da ba su biya. Duba abin da suka ce kan ciwon da ake da shi tun da, kamar hawan jini da ciwon suga.

Sai sashen mayar da mota, wanda shi ne zuciyar maganar ga mai kwalekwale. Shin "abin hawa" ya haɗa da tirela da abin da ke kanta? Akwai iyakar tsawo ko ta kuɗi? Galibi sai motar tana da lafiya da rajista da inshora. In kwalekwalen yana ɗaure a ruwa lokacin da aka kwantar da kai, direban da aka aiko ba lallai ya fito da shi ba, sai ma'aikatan bakin ruwan su ɗora shi a tirela a kan kuɗinka. In jan biyu kake yi, da wuya a sami direban da zai karɓa. Wasu tsare-tsaren kuma ba sa aiko direba in akwai wani baligi mai lasisi a tafiyar, ko da bai taɓa tuƙa mota mai ƙafa 30 da tirela ba. Nemi amsar kowace tambaya a rubuce ta imel, ka ajiye.

Bahaushen da ke zaune a Amurka ya ƙara tambaya biyu. "Gida" a takardar adireshin da ka rubuta ne, ba Kano ko Maraɗi ba. Iyaye ko ƙanne da suka zo ziyara kuma ba lallai su shiga ma'anar "iyali" ba, sai a saya musu nasu. In rai ya yi halinsa a hanya, tambayi yadda suke ɗaukar gawa, da ko za su taimaka a yi jana'iza a garin da abin ya faru, tunda Musulmi ba ya son jinkiri. Mai tsallakawa Meziko ya sayi inshorar mota ta can wadda aka rubuta tirela da kwalekwale a ciki, ya kuma sani Medicare na asali, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, galibi ba ya biya a wajen Amurka.

Duk wannan sai an iya kira. Tafkuna da yawa na cikin duwatsu babu sabis na waya. Riƙe na'urar kiran ceto mai aiki da tauraron ɗan'adam a zangon rediyo na megahaz 406, wadda ake yi wa rajista kyauta a NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, ana sabuntawa duk shekara biyu, ko mai aika saƙo irin Garmin inReach. Rubuta lambobin kamfanonin uku da lambar katinka ta kowanne a takarda ɗaya, tare da jerin magungunan da kake sha da nauyin da sikeli ya nuna da tsawon mota da tirela, don mai turo janwe zai tambaya. Kwafi ɗaya a gaban mota, ɗaya cikin leda a kwalekwale, ɗaya a wayar wanda ya rage a gida. Abokin tafiyarka kuma, mata ce ko ɗa, ya koyi janye ɗakuna da ɗage jak da maƙala tirela a filin da babu kowa tun kafin a bar gari.